Lissafin Rabon Abin da Bai Wadata Ba

A shekarar 1938 injiniyoyin hukumar masana'antun falanki ta birnin Leningrad, a tsohuwar Tarayyar Sobiyat, suka kai wa wani matashin shehun malamin lissafi, Leonid Kantorovich, wata matsala. Suna da injuna 8 da katako iri 5, kowane inji kuwa da irin saurinsa a kan kowane katako. Yaya za a raba aikin har a sami falanki mafi yawa? Tambayar kamar ta wasa, amma fa hanyoyin rabon sun fi ƙarfin a gwada su ɗaya bayan ɗaya.

Amsar da ya buga a 1939 ta zarce maganar falanki. Lissafinsa yakan fitar da tsarin aiki mafi kyau, sa'an nan ya ɗora wa kowane inji wata lamba mai nuna ƙarin amfanin da za a samu in an ƙara masa awa guda. Injin da ke da rarar lokaci, lambarsa sifiri ce. Wato dai lambar nan farashi ce, wadda ƙarancin abu ya haifar. Nan ne gizo ke saƙa, domin aƙidar hukuma a lokacin ita ce darajar kaya daga ƙwadagon ma'aikaci take fitowa. Saboda haka littafin da ya rubuta a 1942 kan tattalin arzikin ƙasa baki ɗaya bai fito ba sai 1959. Ma'aikatan gwamnati da ke cikinmu sun san yadda fayil yakan kwana.

A Amurka kuwa, George Dantzig, yana yi wa rundunar sojan sama aikin tsare-tsare, ya ƙago tasa hanyar a 1947 ba tare da sanin aikin Kantorovich ba. Sharuɗɗan matsala sukan kewaye wani fili mai kusurwoyi, amsa mafi kyau kuma tana kan wata kusurwa. Sai a riƙa matsawa daga kusurwa zuwa maƙwabciyarta da ta fi ta, har a rasa mafi kyau. Aka gwada ta kan neman abinci mafi araha daga iri 77 wanda zai wadatar da jiki. Akawu 9 da ƙananan injunan lissafi suka yi aikin da ya kai na kwana 120 ga mutum ɗaya. Kwamfuta ta yau takan gama shi kafin ƙiftawar ido.

A 1975 aka ba Kantorovich da Tjalling Koopmans kyautar Nobel ta tattalin arziki. Ba a sa Dantzig ba, abin da a ganina bai dace ba.