Tarihin Gaɓar Ƙira da Yadda Takan Zaizaye

Yau za mu ɗan taɓa tarihin gaɓar ƙira, wato wadda likita kan sa wa mutum a kwatangwalo in tasa ta lalace. A ƙasarmu ta Daura amosanin jini ko haɗarin mota kan jawo wannan, sau da yawa ga matasa.

Kowace mace a Sandamu ta san dutsen niƙa yakan cinye, har a ji tsakuwarsa cikin tuwo. To, haka gaɓar ƙira take, gama abu biyu ne ke gugar juna kullum.

A 1890 wani likitan Jamus, Gluck, ya sassaƙa gwiwa da hauren giwa, amma ciwon ya yi ta ruɓa. Wanda ya ci nasara shi ne John Charnley na asibitin Wrightington a Ingila. Da fari ya yi gurbin da wata roba mai santsi, Teflon, ya sa wa mutum wajen 300. Ashe santsi dabam, ƙarko dabam. Cikin 'yan shekaru kaɗan robar ta zaizaye, tilas aka yi ta cire ta. A watan Nuwamba 1962 ya koma ga wata roba mai tauri, wadda ke cinyewa milimita 1 ko 2 cikin shekara 10.

Ku lura, ba ƙarewar robar ce babbar ɓarna ba, garinta ne. Jiki yakan ɗauke shi abokin gāba, ya tura mayaƙansa, garin faɗa sai su cinye ƙashin da ke riƙe da ƙarfen, gaɓa ta soma girgiɗi. Waɗansu suka ce a gwada ƙarfe kan ƙarfe. Shi ma ya zub da nasa garin har cikin jini, aka janye samfurin ASR a 2010, bayan an sa wajen 93,000. Tun wajen 1998 an sami roba mai ƙarko ƙwarai.

Saboda haka wanda aka yi wa wannan aiki, ko a asibitin ƙashi na Dala a Kano, wanda aka kafa a 1959, ko a waje, ya riƙa komawa ana ɗaukar hoto ko ba ya jin kome, don ƙashi kan cinye shiru. Ya rage ɗaukar buhu. In ya ji ciwo a matsematsi, ko ƙafa ta soma gajarta, kada ya kai wa maɗori, wannan ba karaya ba ce.