Faɗuwar Gidan Takeda: Yadda Barade Suka Watse Suka Bar Sarkinsu

A farkon watan Afrilun 1582, mayaƙan Oda suka cim ma Takeda Katsuyori a wani ƙauye da ake kira Tano, kusa da Dutsen Tenmoku, cikin lardin Kai na ƙasar Japan. Shekara bakwai kafin ranar, mutum 15,000 ne ke bin tutarsa zuwa fagen fama. A Tano kuwa barade arba'in da 'yan kai suka rage masa, sai ayarin mata da yara da tafiyar ƙasa ta galabaitar. Shi da matarsa da ɗansa Nobukatsu duk a nan suka mutu. Da mutuwarsu aka rufe mulkin gidan da ya shafe fiye da shekara 400 a Kai, gidan da ke jan nasabarsa zuwa ga Minamoto no Yoshimitsu, ɗaya daga cikin manyan kakannin samurai.

An saba ɗora wannan faɗuwa a kan yaƙi guda, wato Yaƙin Nagashino na 1575, inda bindiga ta karya mahaya dawakin Takeda. Amma gidan ya ƙara shekara bakwai a tsaye bayan Nagashino, har ma ƙasarsa ta ƙara faɗi ta wajen gabas. Kafin a gane abin da ya rushe shi cikin makonni kaɗan, sai an dubi irin igiyar da ta ɗaure sarki da baradensa a wancan zamani.

A ƙarni na 16, zamanin da Japanawa ke kira Sengoku, ikon sarkin sarakuna da na shogun bai wuce suna ba. Kowane lardi yana hannun wani babban sarkin yaƙi da ake ce wa daimyo. Shi ma daimyo ba shi ya mallaki kowace gona ba. A ƙarƙashinsa akwai iyalai masu ƙasa, kowanne da tungarsa da talakawansa da mayaƙansa na gado. Sukan ba shi 'ya'yansu ko iyayensu mata a matsayin jingina, su kuma fito da mutanensu idan ya buga gangar yaƙi. Abin da suke jira daga gare shi biyu ne: ya ba su rabo idan an ci nasara, ya kawo musu ɗauki idan an kewaye su. Ranar da ya kasa, suna ganin hakkinsu ne su nemi inuwar wani.

Takeda Shingen, mahaifin Katsuyori, ya iya wannan ciniki fiye da kowa. A 1541 ya kori mahaifinsa Nobutora daga mulki da goyon bayan manyan baraden gidan. Ya ci mafi yawan lardin Shinano, ya kara sau biyar da Uesugi Kenshin a Kawanakajima tsakanin 1553 da 1564. A gida ya kafa dokoki a 1547, ya gina madatsun da suka rage ambaliyar Kogin Kamanashi, ya kuma ci moriyar ma'adinan zinare na duwatsun Kai. Kai ƙasa ce ta tsaunuka, ba ta da teku, gonakinta kaɗan ne. Saboda haka zaman lafiyar gidan ya dogara ne ga ci gaba da cin sababbin ƙasashe da za a raba wa barade.

Wannan yunwar ƙasa ce ta fasa gidan daga ciki. Bayan Oda Nobunaga ya kashe Imagawa Yoshimoto a 1560, Shingen ya sa ido a kan lardin Suruga na Imagawa, mai bakin teku. Magajinsa Yoshinobu yana auren 'yar Yoshimoto, ya ƙi yarda a ci amanar surukansa. A 1565 aka zarge shi da ƙulla wa mahaifinsa makirci, aka tsare shi a wani wurin ibada, ya mutu a 1567. Ɗan Shingen na biyu makaho ne, na uku ya rasu yana yaro. Gado ya faɗo a kan na huɗu.

Katsuyori, wanda aka haifa a 1546, ɗan 'yar Suwa Yorishige ne, sarkin da Shingen ya ci da yaƙi ya kuma tilasta masa kashe kansa a 1542. Tun farko an shirya shi ne ya gaji gidan Suwa. Ko a sunansa an ga alama: 'yan'uwansa suna ɗauke da gaɓar "nobu" ta Takeda, shi kuwa aka ba shi "yori" ta dangin uwarsa. Tsofaffin sarakunan yaƙin Shingen sun san shi a matsayin tsaransu a sansani, sai ga shi ya zama ubangijinsu. Shingen ya ragargaza rundunar Tokugawa Ieyasu a Mikatagahara a Janairun 1573, ciwo ya kama shi, ya rasu a kan hanyar komawa gida a watan Mayu. Littafin tarihin gidan, Koyo Gunkan, ya ruwaito cewa ya bar wasiyya a ɓoye mutuwarsa shekara uku, kuma Katsuyori ya riƙe gidan har Nobukatsu ya girma. Sabon sarki ya hau ke nan ana yi masa kallon ɗan riƙo.

Hanya ɗaya ta rage masa ya tabbatar da kansa, ita ce nasara a fage. A 1574 ya ci tungar Takatenjin a lardin Totomi, wadda ta gagari mahaifinsa. Shekara mai zuwa ya kewaye tungar Nagashino, inda Okudaira Sadamasa, wanda ya bar Takeda ya koma wajen Ieyasu, yake tare da mutum 500 kacal. Wani ƙaramin soja mai suna Torii Suneemon ya sulale ta cikin kogi ya kai wa Ieyasu kuka. A hanyar dawowa aka kama shi, aka ce ya shaida wa 'yan cikin tungar cewa babu mai zuwa. Da aka kai shi gaban ganuwa sai ya ɗaga murya ya gaya musu ɗauki yana tafe. Aka kashe shi, ɗaukin kuma ya iso: Nobunaga da Ieyasu da mutum kusan 38,000.

A filin Shitaragahara suka kafa shingayen katako a bayan wani rafi, suka jera 'yan bindiga masu lagwani. Ruwayar da ta shahara ta ce bindigogin 3,000 ne, wasu tsofaffin kwafe na tarihin Nobunaga kuma suka ce 1,000. Takeda ma suna da bindigogi, domin makamin ya bazu tun da 'yan Fotugal suka shigo da shi tsibirin Tanegashima a 1543. Bambancin yana ga albarushi da darma, waɗanda mafi yawan kayan haɗinsu ta teku suke shigowa, Nobunaga kuwa shi ke riƙe da tashar Sakai. Katsuyori ya zaɓi ya afka wa rundunar da ta ninka tasa fiye da sau biyu. A wuni ɗaya na ƙarshen Yunin 1575 ya rasa dubban mutane, cikinsu har da ginshiƙan gidan: Yamagata Masakage, da Baba Nobuharu, da Naito Masatoyo, da 'yan'uwan nan biyu na gidan Sanada, Nobutsuna da Masateru.

Duk da haka ya farfaɗo. Ya sake tara runduna, a 1577 kuma ya auri ƙanwar Hojo Ujimasa, mai mulkin gabas, domin ya tsare bayansa. Sai Uesugi Kenshin ya rasu a 1578 bai bar tabbataccen magaji ba, 'ya'yan riƙonsa biyu suka kama yaƙi. Ɗaya Kagekatsu, ɗaya Kagetora, wanda asalinsa ɗan gidan Hojo ne, ɗan'uwan Ujimasa. Katsuyori ya fito da niyyar taimakon Kagetora, amma Kagekatsu ya yi masa tayin zinare da ƙasa, ya karɓa, daga baya ya aurar masa da ƙanwarsa Kikuhime. Kagetora ya mutu a 1579. Hojo suka ɗauki abin cin amana, suka haɗa kai da Ieyasu da Nobunaga. Gidan Takeda ya wayi gari da abokan gaba a gabas da kudu da yamma, sabon abokinsa na arewa kuwa yaƙin basasa ya raunana shi.

Sakamakon ya bayyana a Takatenjin. Ieyasu ya kewaye ta da ƙananan sansanoni, ya hana abinci shiga. Katsuyori yana fama da Hojo, yana kuma neman sulhu da Nobunaga, bai aika ɗauki ba. Wata wasiƙa ta Nobunaga ta nuna cewa ya shawarci a ƙi karɓar saranda daga mutanen tungar, domin duniya ta ga ko ubangijinsu zai zo. A wata na uku na 1581, Okabe Motonobu ya fito da mutanensa da yunwa ta ci, aka kashe kusan 700. Mayaƙan tungar an tattaro su ne daga sassa daban-daban na ƙasar Takeda, don haka labarin ya shiga kowane gida. Ieyasu ya zo wa mutum 500 a Nagashino, Katsuyori bai zo wa nasa ba. Kowane mai ƙasa ya yi nasa lissafi.

A shekarar ce Katsuyori ya fara gina sabuwar fada mai ganuwa a Shinpu, ya bar tsohon gidan kakanninsa na Tsutsujigasaki a Kofu. Aikin ya ƙara wa talakawa da barade nauyin haraji da aikin gayya na tilas. A farkon 1582 Kiso Yoshimasa, mijin 'yar Shingen, wanda ke tsaron ƙofar yamma, ya koma wajen Oda. Katsuyori ya kashe mahaifiyarsa da 'ya'yansa da ke jingina. Oda Nobutada, babban ɗan Nobunaga, ya shigo Shinano da runduna. Ana cikin haka Dutsen Asama ya yi aman wuta, jama'a suka ɗauka alama ce cewa sama ta juya wa Takeda baya. Tunga bayan tunga aka buɗe ƙofa ko aka gudu, har baffan Katsuyori, Nobukado, ya bar wurinsa ba faɗa. Anayama Baisetsu, ɗan'uwansa na jini kuma mijin yayarsa, ya miƙa wuya ga Ieyasu, ya buɗe hanyar kudu. Ƙaninsa Nishina Morinobu ne ya tsaya a tungar Takato, aka cinye shi a rana ɗaya.

Katsuyori ya sa wa Shinpu wuta tun ba a gama gininta ba. An ruwaito cewa Sanada Masayuki ya kira shi zuwa tungar Iwabitsu, shi kuma ya zaɓi Iwadono ta Oyamada Nobushige, tsohon baran gidan. Da ya isa mashigar dutse sai ya tarar Oyamada ya rufe hanya. Daga nan ya juya zuwa Tenmoku, mutanensa suna zamewa dare da rana. A Tano, Tsuchiya Masatsune ya tare wata siririyar hanya a gefen kwazazzabo, ya jinkirta maƙiya har ubangijinsa ya sami lokacin mutuwa da hannunsa. Matar Katsuyori, 'yar gidan Hojo, shekararta 19 a lissafin Japanawa. Nobukatsu yana da 16, daidai shekarun da aka ce zai karɓi gado.

Waɗanda suka juya baya ba duka suka ci riba ba. Nobutada ya kashe Oyamada da iyalinsa saboda cin amanar ubangijinsa. Kafin wata uku su cika, Akechi Mitsuhide ya yi wa Nobunaga tawaye a Honno-ji a Yunin 1582, uba da ɗa suka mutu rana ɗaya. Anayama ya halaka a hanya yana gudu daga rikicin. Kawajiri Hidetaka, wanda Oda suka ba mulkin Kai, mutanen ƙasar suka tashi suka kashe shi.

Ieyasu ne ya kwashe gadon. Ya shiga Kai, ya karɓi rantsuwar ɗaruruwan tsofaffin baraden Takeda, ya tabbatar musu da gonakinsu, ya sa da yawansu ƙarƙashin Ii Naomasa cikin jajayen sulkuna irin na rundunar Yamagata. Da su ya yi yaƙe-yaƙen da suka kai shi ga zama shogun a 1603. A Tano kuma ya sa aka gina wurin ibada na Keitoku-in domin tunawa da Katsuyori da waɗanda suka mutu tare da shi, kuma har yau kaburburan uban da uwargidan da ɗan suna nan a jere.