Zanen bangon Birni: tarihin da ke rubuce a lungunan Damagaram

Idan aka yi maganar zane a bangon titi, hankalin mutane da yawa yakan tafi ga samarin Yamai masu fesa fenti a jikin katanga, ko ga hotunan biranen Turai da Amurka da ake gani a waya. Shi ya sa wasu iyaye ke ɗaukar abin a matsayin baƙuwar al'ada, har su tsawata wa yaron da ya nuna sha'awar zane. Gaskiya ne cewa fesa fenti irin na zamani ya bunƙasa ne a birnin New York a shekarun 1970. Amma ƙawata fuskar gida da zane don mai wucewa ya gani, wannan tsohuwar sana'a ce a ƙasar Hausa, kuma duk wanda ya ratsa lungunan Birni da Zango a Damagaram ya ga shaida da idonsa.

Damagaram ta kai ganiyar ƙarfinta a zamanin Sarki Tanimu ɗan Sulaiman, wanda ya yi mulki daga 1851 zuwa 1884. Shi ya kewaye Birni da ganuwa, kuma a zamaninsa garin ya zama babbar mahaɗar ayarin da ke tafiya tsakanin Kano da Tarabulus ta hanyar Agadas. A cikin ganuwa akwai fada da gidajen sarauta. A waje kuma akwai Zango, inda fatake da Buzaye da Larabawa ke sauke kaya. Inda dukiya ta taru, magina sukan samu aiki, domin attajiri yana son ƙofar gidansa ta faɗi matsayinsa tun kafin baƙo ya yi sallama.

Gini a wancan lokaci sana'ar gado ce mai shugabanci, ƙarƙashin Sarkin Magina. Da tubali ake ɗora bango, wato curin ƙasa da aka mulmula da hannu aka shanya, a yi rufi da azarar giginya, a ɗora zankwaye a kusurwoyin soro. Don kare bango daga ruwan sama ana shafe shi da makuba, wadda ake samu daga ɓawon ɗorawa, ko da laso, wanda ake haɗawa da katsin marina da gashin jima da dafara. A nan za a ga yadda sana'o'in gari suke riƙe da juna: abin da marini da majemi suka zubar, shi ne kayan aikin magini. A kan wannan shafe ne ake fitar da zane. Wani magini yakan tayar da shi da yatsu tun yaɓe yana ɗanye, ya fito tudu-tudu. Wani yakan karce shi da wuƙa ko ƙarfe. Daga baya aka ƙara da shafa launi a kan farar ƙasa.

Siffofin ma ba daga sama suka faɗo ba. Dagi, wannan ƙulli mai sarƙaƙiya da ake gani a saman ƙofar zaure, shi ne dai ake gani a aikin dukawa da ɗinkin babbar riga. Da'irori da layukan da ke shiga juna suna da dangantaka da zayyanar da alarammomi ke yi a allon sauka da gefen Alƙur'ani rubutun hannu. Mai ɗinki da magini da mai zayyana suna ɗiba ne daga rumbu ɗaya. Mata kuma nasu adon a cikin ɗaki yake, inda ake jera tasoshi da kwanoni a bangon amarya.

Akwai abin da ya kamata malamin tarihi ya lura da shi. Ko da gida ya haura shekara ɗari, zanen da ke fuskarsa sau da yawa bai kai haka ba, domin ƙasa tana buƙatar yaɓe bayan damina, kuma kowane yaɓe dama ce ta sabunta zane. Yawancin abin da muke gani yau aikin ƙarni na 20 ne. Faransawa sun ci Damagaram a 1899, suka mayar da ita babban birnin mulkinsu har zuwa 1926, lokacin da aka koma Yamai. A tsakanin nan jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, fataucin hamada ya ja baya, cinikin gyaɗa ya maye gurbinsa. Sababbin attajirai suka taso, siminti da fentin kanti suka shigo kasuwa, zane ya ƙara yawa da launi. A Zariya, inda masana suka fi bin diddigin wannan sana'a, magina sun riƙa saka keke da mota da agogo da jirgin sama a tsakiyar tsofaffin siffofi. Bango ya zama wurin da mai gida ke sanar da unguwa cewa ya ga zamani, ko ya sauke farali. Ke nan al'adar ba ta taɓa tsayawa wuri ɗaya ba, tana karɓar sabon abu tana mayar da shi nata.

Mutumin Maraɗi zai iya tambaya me ya sa garinsu ba shi da unguwa irin Birni. Amsar tana cikin ambaliyar 1945, wadda ta rushe tsohon garin da ke bakin gulbi, aka koma tudu aka shata sababbin tituna miƙaƙƙu. Ruwa ya tafi da gidajen da adonsu. A jihar Tawa kuwa, Falke Barmu ya fara ginin masallacin Juma'a na Yama da ƙasa a 1962, aikin da ya samu kyautar Aga Khan ta fasahar gini a 1986. Wannan ya nuna gwanintar maginanmu ta kai har zamanin iyayenmu, kuma duniya ta yaba.

Yau Birni tana cikin jerin wuraren da Nijar ta gabatar wa UNESCO tun 2006, yayin da tsohon garin Agadas ya samu shiga jerin kayan tarihin duniya a 2013. Sai dai suna a takarda ba ya hana bango zubewa. Yaɓe duk shekara yana cin kuɗi. Idan mai gida ya rasu magada suka yi yawa, kowa yana jiran wani ya gyara. Wanda ya samu hali yakan rushe ya sa bulo da kwano, kuma ba za a zarge shi ba, domin kowa yana son ɗakin da ba ya yoyo. Wani kuma yakan lulluɓe bangon ƙasa da siminti da niyyar kare shi, alhali siminti yana riƙe danshi a ciki har bangon ya ruɓe ya ɓalle. Mafi muni shi ne tsofaffin magina suna ƙarewa, ƴaƴansu sun kama wasu sana'o'i, domin ba mai ba su aikin zane.

A nan ne malamai da iyaye suke da abin yi, kuma ba ya buƙatar jiran tallafi daga waje. Malamin da ke koyar da tarihin Damagaram zai iya fita da ajinsa na awa biyu, bayan neman izinin masu gida, yara su kwafi zane ɗaya a littafi, su tambayi dattawan unguwa wa ya gina gidan, da wace sana'a ya samu kuɗin, wane magini ya yi aikin. Darasin lissafi ma yana nan, domin dagi da da'ira misalai ne na daidaiton ɓangarori da yaro zai taɓa da hannunsa. Katangun lakwal ɗinmu da yawa babu komai a jikinsu sai tallar ƴan siyasa da ta koɗe. Kwamitin iyayen yara zai iya gayyato tsohon magini da matashi mai fenti su yi aiki tare a ƙofar makaranta, ɗalibai suna miƙa musu kaya suna koyo. Uban da ke gina sabon gida kuma, ko da na bulo ne, zai iya ware ɗan abin da zai biya a yi masa zane a saman ƙofa, domin magini ba zai koya wa ɗansa aikin da ba a saye ba.