Ma'adinai daga Wudil zuwa Riruwai: yadda ake gane su, da wanda ke da iko da su

Duk wanda ya tsaya a kan gadar Wudil da rani zai ga manyan motoci suna lodin yashi daga kogi. Abin da suke ɗauka ma'adini ne a idon kimiyya, haka kuma yake a idon doka. Ma'adini shi ne abu mai ƙwari da ya samu a cikin ƙasa ba da aikin ɗan Adam ba, wanda sinadaransa da tsarin ƙwayoyinsa suke sanannu. Dutse kuwa tarin ma'adinai ne a haɗe. Masana sun tantance nau'o'i kimanin 6,000 a duniya, sai dai ƙalilan daga cikinsu ne suka yi yawancin duwatsun da muke gani.

Abin da ke cikin ƙasar Kano

Wudil na kusa da inda tsoffin duwatsun yammaci da kudancin Kano suke nutsewa ƙarƙashin yashi da yumɓun kwarin Tafkin Chadi. Kogin da ya ratsa garin haɗuwa ce ta Kogin Kano da Kogin Challawa, kuma yashinsa ragowar duwatsun da ruwa ya niƙe ne a kan hanya. Mafi yawansa ƙanƙara ce, wadda masana ke kira kwaz. A cikinsa akan ga ɓarɓashin maika mai ƙyalli da kuma baƙin gari mai nauyi da ke taruwa a gefen ruwa. Madatsar Tiga da aka kammala a 1974 da ta Challawa da aka kammala a 1992 suna tare wani kaso na abin da ruwa ke kawowa, don haka yashin da aka kwashe ba ya dawowa da saurin da.

A kudancin jihar, a Ƙaramar Hukumar Doguwa, duwatsun Riruwai dangin na Jos ne, kuma suna ɗauke da kuza da kolumbait da ma'adinin tutiya. Mutanen Riruwai sun daɗe suna narka kuza tun kafin zuwan Turawa. A Dutsen Dala ma an gano shaidar narka tama tun wajejen ƙarni na 7. Tozali da kanwa da farar ƙasa duk ma'adinai ne da Bahaushe ya sani da sunayensu tun kafin a buɗe makarantar boko.

Yadda ake gane ma'adini

Launi shi ne abin da ido ke fara gani, kuma shi ya fi yaudara, domin kama da wane ba ta wane. Masana sun fi dogara da gwaje-gwaje huɗu da ba sa buƙatar na'ura.

Na farko tauri. A 1812 wani Bajamushe, Friedrich Mohs, ya jera ma'adinai goma daga mafi laushi zuwa mafi tauri, inda daimon ya zo na 10, kwaz na 7. Farce yana wajen 2.5, wuƙa da gilashi kuma wajen 5.5. Abin da ya karce gilashi, wuƙa ta kasa yi masa tabo, yana iya zama kwaz.

Na biyu zane. Idan aka goga ma'adini a bayan tangaran marar sheƙi, launin garin da ya bari ba ya sauyawa ko da launin jikinsa ya sauya. Zinare yana barin zane rawaya, fairait kuwa, wanda ya yi kama da shi har ya sha jawo wa mutane asara, baƙi-baƙi yake bari.

Na uku nauyi. Zinare tsantsa ya fi ruwa nauyi sau 19, kuza wajen sau 7, fairait sau 5, kwaz bai kai sau 3 ba. Wannan bambanci ne ya sa masu wanke ƙasa a kwano suke ganin mai nauyi ya kwanta a gindi.

Na huɗu yadda yake fashewa. Zinare yana baje idan an buge shi da guduma, fairait yana farfashewa, maika kuma yana ɓarewa falle-falle. Ana ƙarawa da maganaɗisu, wanda ke janyo baƙar tama daga cikin yashi.

Waɗannan gwaje-gwaje suna rage zato ne kawai. Tabbacin abin da ke cikin dutse da yawansa sai a ɗakin gwaji. Hukumar Binciken Ma'adinan Ƙasa ta Najeriya, wadda tushenta ya faro a 1919, tana da ɗakunan gwaji a Kaduna. A Wudil kuwa, Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Aliko Dangote, wadda ta fara aiki a 2001 aka kuma sauya mata suna a 2022, tana koyar da ilimin duwatsu da ma'adinai.

Tattarawa da adanawa

Ƙa'idar mai tattara samfuri ita ce rubutu: wurin da aka ɗauko, ranar, da irin dutsen da yake ciki. Samfurin da ba a san asalinsa ba ya rasa yawancin amfaninsa ga bincike. Ana ajiye kowanne daban, domin mai tauri yana karce mai laushi.

Akwai kuma haɗari. Tozalin dutse ma'adinin dalma ne. A 2010, a ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum na Jihar Zamfara, yara fiye da 400 sun rasu sakamakon gubar dalma, bayan da aka riƙa daka duwatsun zinare a cikin gidaje. Dutsen da ba a san abin da ke cikinsa ba, ba a daka shi a tsakar gida, ba a kuma wanke shi inda ake ɗibar ruwan sha.

Abin da doka ta ce

Sashe na 44(3) na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya damƙa dukkan ma'adinan da ke ƙasa ga Gwamnatin Tarayya. Mai gona yana da haƙƙin amfani da saman ƙasarsa, abin da ke ƙarƙashinta kuwa ba nasa ba ne. Dokar Ma'adinai da Haƙar Ma'adinai ta 2007 ta tanadi lasisi iri-iri, daga na bincike zuwa na ƙananan masu haƙa da na fasa dutse da ɗibar yashi, kuma ofishin rajistar ma'adinai na tarayya ne ke kula da su. Dokar ta wajabta a biya diyya ga wanda aka taɓa gonarsa, ta kuma wajabta wa kamfani ya ƙulla yarjejeniyar raya al'umma da garin da zai yi aiki a ciki kafin ya fara haƙa.

A nan ne sanin ma'adini yake zama batun siyasa. Mai haƙa da bai san kuza daga kolumbait ba, dillali ne zai yanke masa farashi. Garin da bai san abin da ke ƙarƙashinsa ba, ba zai san abin da zai nema a yarjejeniya ba. Idan motoci suka fara shiga kogi ko dajin wani gari, mazauna suna da damar tambayar lambar lasisin, da sunan wanda aka ba, da iyakar filin da ya shafa, da kuma takardar yarjejeniyar da aka sa wa hannu da sunansu.