Yadda Ake Gane Lafiyar Tsohon Faifan Garmaho Kafin Ka Biya Kuɗi

Duk mai neman tsofaffin faya-fayan Mamman Shata, Ɗan Maraya Jos, Fela Kuti ko na waƙoƙin finafinan Indiya ya san faifai iri ɗaya kan zo da farashi daban-daban. Lafiyar faifan ce ke raba su. Ma'aunin da aka fi amfani da shi na mujallar Goldmine ta Amurka ne, shi ne kuma kasuwar intanet ta Discogs ke bi:

M: sabo fil, kamar ba a taɓa ɗora masa allura ba. Da wuya ka samu na gaske.

NM: an ɗan saurare shi, amma babu karce, babu ƙara.

VG+: akwai 'yan alamun gogewa, amma sautin na fita tas. Kuɗinsa kusan rabin na NM ne.

VG: za ka ji ƙas-ƙas, musamman inda kiɗa ya lafa, amma ba ya danne waƙar. Kusan kashi ɗaya cikin huɗu na kuɗin NM.

G: yana juyawa har ƙarshe, sai dai ƙarar ta yi yawa.

F da P: ya tsage, ya lanƙwashe ko allura na tsalle.

Ana ba faifai nasa matsayin, kwalinsa ma nasa daban.

To amma fa waɗannan haruffan maganar mai sayarwa ce kawai, kuma da yawa da ido suke aunawa, ba da kunne ba. In faifan na hannunka, karkata shi a haske mai ƙarfi. Karcen da farcenka ya ji, yawanci kunnenka ma zai ji shi. Ɗora shi kan shimfiɗaɗɗen teburi ka ga ko zafi ya lanƙwasa shi, don robar faifai ba ta shiri da rana. Duba lambar da aka zana kusa da takardar tsakiya. Ita ke taimakawa wajen bambance bugun farko da na baya.

In ta intanet ne, nemi bidiyon faifan yana juyawa, gaba da baya, ka karanta abin da masu saye suka faɗa a kan mutumin, sannan ku daidaita batun mayarwa kafin ka tura ko sisi. Mai gaskiya shi zai fara nuna maka aibin kayansa. Wanda komai nasa NM ne, ka yi hattara da shi.