Daren Da Wata Ya Yi Zazzaɓi

'Yan'uwana mata, ran Juma'a 27 ga Yuli, 2018 aka sanar a rediyo cewa da dare wata zai yi husufi, zai rufe ruf har tsawon awa 1 da minti 43, mafi tsawo a wannan ƙarni. To amma damina ce. Tun la'asar hadari ya haɗo daga gabas. Na kwashe shanya, na shimfiɗa tabarma a tsakar gida, muka zauna ni da yara ba mu da tabbacin gani.

Can sai 'yar autata ta ce, "Umma, wai laifin wa ya jawo?" Wallahi sai da gabana ya faɗi, don wannan tambaya ta daɗe tana bin mu.

A watan Satumba na 1830, wasu Turawa wa da ƙane, Richard da John Lander, suna garin Busa a bakin Kwara aka yi husufi. Sun rubuta yadda gari ya ruɗe da kururuwa da kaɗe-kaɗe, wai rana ce ta kama wata, sai an tsorata ta za ta sake shi. Mu ma da ƙuruciya mun buga gwangwani a kan haka. Wannan dai bai cuci kowa ba. Amma ran 9 ga Janairu, 2001 da aka yi husufi, wasu matasa a Maiduguri suka ce zunubin mutane ne, suka bi otal-otal da mashaya suna cinna wuta.

Alhali kuwa duniya ce ke shiga tsakanin rana da wata, inuwarta ta rufe shi. Shi ya sa ba ya faruwa sai wata ya cika, kuma masana kan lissafa ranarsa tun da sauran shekaru. Ranar da Ibrahim ɗan Manzon Allah (SAW) ya rasu an yi kusufin rana, mutane suka danganta shi da rasuwar, ya hana su, ya yi umarni da salla.

Haka na faɗa wa yarinyar. Wajen ƙarfe tara hadarin ya ɗan yaye, sai ga wata jawur kamar garwashi. Ba a jima ba gajimare ya sake rufe shi.

Uwa ce makarantar farko. Abin da kika faɗa wa ɗanki a irin wannan dare, shi zai riƙe har girmansa. Allah Ya sa mu dace, amin.