Idon kyamara na milimita 50: tarihinsa da zaɓensa a hasken ƙasar Ƙonni

Idon milimita 50 shi ne gilashin da masu ƙera kyamara suka mayar na yau da kullum ga ƙananan kyamarori masu cin fim na milimita 35, musamman waɗanda ake kira masu awon nisa. Irin wannan kyamara tana da 'yan tagogi a goshinta. Idan mai ɗauka ya leƙa, sai ya ga siffar abu ta rabu biyu, ya dinga murza idon har siffofin su hau kan juna, a nan ne saiti ya zauna. Hoton da ke sauka a kan fim faɗinsa milimita 36 ne, tsayinsa 24, daga kusurwa zuwa kusurwa kuma kusan 43, kuma idon da tsawonsa ya kusanci wannan adadi ba ya janyo abu kusa, ba ya tura shi nesa. Masu tara tsofaffin kyamarori sun daɗe suna gardama kan wanda ya fi a cikin idanun da aka ƙera daga 1925 zuwa wajajen 1960, kuma akasarinsu sun fi karkata ga mai faɗin ƙofar haske. Amma tarihin ƙirar ya nuna cewa faɗin ƙofa magani ne da aka nemo wa duhun Turai da raunin fim na wancan zamani. Ga mai ɗaukar hoto a Birnin Ƙonni ko Malbaza ko Illela, ido mai sauƙin gini da matsakaiciyar ƙofa shi ya fi cancanta.

Labarin ya faro ne a garin Wetzlar na Jamus, inda Oskar Barnack, ma'aikacin kamfanin Leitz, ya harhaɗa wata 'yar kyamara mai amfani da fim ɗin silima a tsakanin 1913 da 1914. Yaƙin Duniya na Farko ya jinkirta ta, ba ta shiga kasuwa da sunan Leica ba sai 1925. Max Berek ne ya tsara mata ido, wanda daga baya ya zauna da sunan Elmar: milimita 50, ƙofa f/3.5, gilasai huɗu kawai, kuma ana tura shi cikin kyamara idan an gama aiki, har ta shiga aljihun riga. Gininsa ɗan'uwa ne ga Tessar, wanda Paul Rudolph ya ƙirƙira a kamfanin Zeiss tun 1902. A 1932 Leica II ta fito da ma'aunin nisa haɗe da ido, kuma a shekarar ce Zeiss Ikon na birnin Dresden ya fitar da kishiyarta, Contax, tare da idanun Sonnar na Ludwig Bertele, ɗaya f/2, ɗaya f/1.5. A wannan lissafi, ƙaramin adadi shi ne ƙofa mai faɗi: f/2 tana shigar da haske kusan ninki uku na f/3.5, f/1.5 kuwa ta haura ninki biyar. Leitz ya mayar da martani da Summar a 1933, da Summitar a 1939, sannan Summicron a 1953, shekara guda kafin fitowar Leica M3.

Dalilin wannan tsere a fili yake. Kafin Sonnar, Bertele ya tsara ido mai suna Ernostar don kyamarar Ermanox, wadda Erich Salomon ya yi suna da ita wajen ɗaukar shugabannin Turai a cikin ɗakunan taro ba tare da fitilar walƙiya ba. Fim ɗin lokacin kuma ba shi da ƙarfin kama haske. Kodachrome da ya fito wa ƙananan kyamarori a 1936 ƙarfinsa wajen 10 ne a ma'aunin da fim na yau ke da 100 ko 400. Wetzlar tana sama da digiri 50 arewa da tsakiyar duniya, inda rana ke yin ƙasa-ƙasa watanni da dama, gajimare ya rufe sama. Mai irin wannan fim a irin wannan ƙasa dole ya nemi ƙofa mai faɗi, ko nawa za ta ci masa. Kuma ta ci: ƙarin gilasai, ƙarin nauyi, ƙarin kuɗi, da hoto mai laushi idan an buɗe ido gaba ɗaya. Kowace fuskar gilashi da ke taɓa iska tana mayar da kimanin kashi 4 zuwa 5 cikin ɗari na haske, shi ya sa Summar mai fuskoki takwas ya fi Elmar mai shida yawan hazo a hoto. Alexander Smakula ya gano shafin da ke rage wannan asara a Zeiss a 1935, sai dai bai wadatu a kasuwa ba sai bayan Yaƙin Duniya na Biyu.

Bayan yaƙin ne ƙirar ta bazu. Tarayyar Sobiyet, wadda tun 1934 take kwaikwayon Leica da sunan FED a birnin Kharkiv, ta kwashe injinan Contax zuwa masana'antar Arsenal ta birnin Kiev, aka kuma soma ƙera Zorki a Krasnogorsk a 1948. Sonnar ya koma Jupiter-8 da Jupiter-3, ginin Tessar kuma ya koma jerin Industar, aka ƙera su da yawan da ya sa har yau suna cikin mafi araha. A Japan, idon Nikkor f/1.4 ya fito a 1950, shekarar da mai hoto David Douglas Duncan ya ɗauki yaƙin Koriya da idanun Nikkor, sunansu ya kai Amurka. Canon ya biyo da f/1.8 a 1951, ya kai har f/0.95 a 1961. Kafin nan Nikon F ta 1959 ta riga ta fara janye masu sana'a zuwa kyamarar da ake leƙawa ta cikin idon kansa.

Birnin Ƙonni yana ƙasa da digiri 14 arewa da tsakiyar duniya, kuma a nan lissafin ya juye. Ka'idar da kowane mai hoton fim ya sani ita ce, a rana tsaka, fim mai ƙarfin 100 yana son ƙofa f/16 da ƙiftawar kashi 1 cikin 125 na daƙiƙa. Leica II ba ta wuce 1 cikin 500, M3 kuma iyakarta 1 cikin 1000. Ke nan ko an kai ƙiftawa maƙura, ƙofa ba za ta buɗe fiye da f/8 ko f/5.6 ba, in kuwa fim ɗin mai ƙarfin 400 ne, f/11 ce iyaka. Wanda ya tsaya a gonakin albasa na Galmi, ko a kasuwar Badagishiri, ko a gefen filin kokawa, da ido mai f/1.5, ya sayi ƙofar da rana ba za ta bar shi ya buɗe ba. Ko a ƙarƙashin rumfar kasuwa, inda haske ke raguwa sosai, f/4 ko f/5.6 ta wadatar. A waɗannan matsakaitan ƙofofi kuma bambancin kaifi tsakanin Elmar da Sonnar da Summicron ya ragu ƙwarai, har ba kowane ido ke iya raba su a kan takarda ba.

Tarihin masu hoton Afirka ta Yamma ya goyi bayan haka, ko da yake ba da kyamara mai awon nisa suka gina sunansu ba. Seydou Keïta, wanda ya buɗe ɗakin hotonsa a Bamako a 1948, da babbar kyamarar akwati da hasken rana ya fi aiki. Sanlé Sory na Bobo-Dioulasso da Philippe Koudjina, wanda ya ɗauki rayuwar daren Yamai bayan samun 'yancin kai, an san su da Rolleiflex, kyamarar da idonta na yau da kullum f/3.5 ne ko f/2.8, sau da yawa ma Tessar. Idan dare ya yi, walƙiya suke kunnawa. Hotunan da duniya ke yabawa daga wannan yanki, da matsakaiciyar ƙofa aka ɗauke su, kuma abin da ya ba su ƙarfi shi ne kowane zare na zane da kowane aikin allura a wuyan riga ya fito tar.

Hujja ta biyu ta shafi daɗewa, domin idon da ya shekara saba'in ko tamanin lafiyarsa ta fi sunansa muhimmanci. Da ƙaron wata bishiya ta Kanada aka manne gilasan tsofaffin idanu, kuma zafi yana raunana shi har mannin ya fara saki daga gefe. Elmar da Industar manni ɗaya ne da su, Sonnar f/1.5 gilasai bakwai ne da aka dunƙule gida uku, wato manni huɗu. A ƙasar da zafin bazara ke haura digiri 40 a watan Afrilu, kowane manni wuri ne da ɓarna za ta iya shiga. Zafi kuma yana narkar da man da ke cikin zaren murzawa, tururinsa ya kwanta a kan gilashi ya zama hazo. Sai ƙura, ta hunturu da wadda manyan motocin siminti da na albasa ke tayarwa a kan babbar hanyar Yamai zuwa Maraɗi. Gilashin gaban Summar da shafin Summicron na farko sun shahara da laushi, kuma goge su da gefen rawani alhali akwai yashi a kai kamar wanke madubi ne da toka mai tsakuwa. Ƙaramin gilashin Elmar ba shi da faɗin da zai tara ƙura da yawa, kuma mai gyaran agogo mai haƙuri ya fi iya kwance ido mai gilasai huɗu ya mayar daidai.

Akwai masu ja, kuma hujjojinsu ba na banza ba ne. Na farko su ce rayuwar ƙasar Hausa rabinta da dare take: kamun amarya, tashe a watan azumi, hira a gaban mai shayi, kuma f/3.5 ba ta isa nan. Gaskiya ne, kuma wanda aikinsa na dare ne ya nemi f/2, irin Jupiter-8 ko Canon f/1.8, waɗanda suka haɗa ƙofa da sauƙin kuɗi. Amma daga f/2 zuwa f/1.5 ƙarin bai kai ninki biyu ba, kuma kuskuren saiti yana ƙaruwa. Sonnar yana da halin gusar da saitinsa idan an ɗan rage ƙofa, yawancin idanun Sobiyet kuma an auna su bisa ma'aunin Contax, wanda ya ɗan bambanta da na Leica, don haka a kusa, da ƙofa a buɗe, sai kunne ya fito fes ido ya dushe. A f/5.6 wannan kuskure yana ɓacewa cikin zurfin saiti.

Na biyu su ce kyawun hoton mutum shi ne bayansa ya narke, shi kaɗai ya fito. Wannan ɗanɗano ne, kuma yana da wurinsa. Sai dai hoton mai sayar da albasa da ba a ga buhunansa ba, ko na ɗan kokawa da aka shafe makaɗansa da 'yan kallo, ya rasa rabin labarinsa, kuma bayan shekara hamsin abin da jikoki za su fi nema a hoton shi ne wancan bayan: ginin, kasuwar, suturar mutane. Na uku su ce tsohon ido marar shafi yana yin hazo idan ya fuskanci rana. Haka ne, shi ya sa ya kyautu a nemi Elmar na bayan yaƙi ko Industar mai shafi, a kuma sa masa 'yar hular da ke tare hasken gefe. Duk da haka ɗan laushin bambanci tsakanin fari da baƙi yana da amfani a nan, domin babban ƙalubalen mai hoto a wannan ƙasa shi ne fuska mai duhu a ƙarƙashin hula tare da farar shadda a rana, kuma ido mai tsananin bambanci yakan ƙone rigar ko ya binne fuskar.

Jan da ya fi nauyi shi ne wanda ya shafi Elmar kansa: bututun da ake turawa ciki ana jawowa waje yana iya shigar da ƙura cikin kyamara. Maganinsa a bar shi a jawo muddin ana waje, ko a zaɓi mai tsayayyen jiki irin Industar-61, wanda ƙofarsa f/2.8 ce. Saura masu cewa fim ya yi wuya, wayar hannu kuma ta maye gurbin komai. Tun da kyamarori marasa madubi masu cikakken faɗin 24 da 36 suka fito, irin Sony A7 ta 2013, ana ɗaura waɗannan idanu a kansu da ɗan zobe mai araha, kuma zaren milimita 39 da Leitz ya daidaita a 1931 ya sa Elmar da Canon da Jupiter na Zorki duk zobe ɗaya suke shiga. A kan irin wannan kyamara ƙiftawa tana kai 1 cikin 8000, don haka hujjar rana ta yi sauƙi, amma ta zafi da ƙura da manni tana nan yadda take. Sharaɗin shi ne kada a tura ido mai naɗewa ciki, domin bututun yana iya taɓa abin da ke cikin kyamarar, kuma kafin a biya kuɗi a haska tocila ta bayan gilashin a duba hazo da fumfunar damina da sakin manni.